Wayoyi a Ƙwaryar Gayya

Shekaranjiya muna roron wake ni da wasu mata, rana ta take, wata amarya cikinmu ta gaji da wayarta tana zame mata daga ƙugu, ta jefa ta cikin ƙwaryar da ba mu fara zuba wa wake ba. Ba a jima ba aka kira ta. Wayar ta kama ɓari, ƙwaryar ta amsa da wani gurnani mai kauri. Ban san lokacin da na zubar da waken da ke hannuna na dafe kafaɗata ta dama ba. Suka bushe da dariya, wai Inna Dije da ba ta tsoron maciji ga ta tana tsoron waya. Na bar su suka yi dariyarsu. Yawancinsu ba a auro su garin nan ba a daminar da wannan ƙarar ta mayar da ni.

A shekarar, mai gidana ya rasu cikin sanyi, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, babbar ta fara tasawa, ƙaramar tana goye. Ya bar kuma gona mai ɗorawa a tsakiya, a kan tudun da ke bakin hanyarmu ta zuwa Dudunni. Gonar ta gandu ce, surukina ya bari ba a raba ba, amma tun da aka kawo ni gidan mai gidana ne yake noma wannan yankin, ni nake kai masa abinci, na san kowace kunya. Bayan sadakar arba'in, yayansa, wanda muke kira Yaya Malam, ya tsaya daga zaure ya yi mini magana ta bayan zana. Mutum ne marar hayaniya, kuma ba zan ɗora masa zalunci ba.

"In kin iya riƙe ta, ki riƙe, ba mai taɓa maki," in ji shi. "In ko haki ya hi ƙarhinki bana, sai in haɗe ta da tawa, a riƙa ba ku abin da ya sawwaƙa."

Na ce to. Na san wannan abin da ya sawwaƙa. Na ga matan da suke tsayawa ƙofar gidan dangin miji da kwano a cikin mayafi, suna jira a gama cin abinci kafin su yi sallama. Tun ranar na sa a raina ko da farce ne sai na nome gonar nan.

Cikin bazara na ƙarasa takaba, kuma ban yi ta cikin shiru ba. Duk unguwarmu ba inda sabis yake kamawa kamar dakalin ƙofar gidanmu. Ban san abin da Allah ya ajiye a wannan dakalin ba. Samari da ƙananan magidanta suka mayar da shi majalisa, bango ɗaya ne tsakanina da su. Ina kwance a tabarma zafi ya hana ni sakat, ƙurajen zufa sun feso wa yarinyar goye, rijiya ta koma ƙasa sai a jefa guga a jawo rabi laka, ga kiɗe-kiɗen wayoyi suna shigo mini ta bango daga hantsi har magariba. Akwai wanda na fi tsana, na wata mata da take ƙyalƙyala dariya, sannan a ji kamar an zuba tsabar kuɗi a faranti. Ya ƙare, a sake shi, ya ƙare, a sake shi. Har yarinyar goye ta koyi dariyar.

Mati ne ya warware mini. Ƙanin mai gidana ne, abokin wasana tun ina amarya, kuma shi ne sarkin gayyar unguwarmu. Shi ba ya yi, wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, amma ba abin da yake wuce masa. Ya ce wasan yaƙi ne, kyauta ake saukewa a waya, ba a karɓar ko sisi. Za a ba ka fili ka gina gari, ka yi ganuwa, ka tara soja da rumbuna, ka kai wa garin wani hari, shi ma ya kawo maka. Garin ba ya barci, ko ka kashe wayar yana nan, ana iya ƙone shi kana salla. Abin da yake tsare shi garkuwa ce, ita kuma hanya biyu ake samunta. Ko ka saya da kuɗi ta wurin mai shagon caji, ko ka zauna ka yi ta kallon talla ɗaya bayan ɗaya, kowace ka gama a ƙara maka ɗan lokaci. Mai hali ya saya, marar hali ya kalla. Dariyar da nake ji ta bango tallar ce. Na ce masa wannan kyautar ai ta fi saye tsada. Ya ce matar Yaya, ba ki ga komai ba tukuna.

Babbansu a wasan shi ne Sabi'u, ɗan maƙwabcinmu, yana da mata da ɗa ɗaya. Na san shi tun yana yawo ba wando, yaro mai ladabi, in ya ga na ɗauko ruwa sai ya karɓa. Garinsa ya fi na kowa, kuma kowa ya san da me ya gina shi. Buhun takin da ubansa ya ba shi na daminar ne ya ɗora a babur ya kai Kankiya ran kasuwa, ya dawo ba taki. 'Yan unguwarmu ƙungiya guda suke a wasan, mutanen Ƙofa, ƙauyen da ke kusa da mu, su ma suna da tasu, ana kai wa juna hari a waya, in an haɗu a kasuwa a yi ta gori. Da wasa aka fara. Sai dai shekarar ba ta wasa ba ce. Labarin masu satar shanu yana ta zuwa daga yamma, kuma kowane labari ƙarshensa ɗaya, wai wani na gida ne ya nuna hanya. Kalmar infoma ta shiga bakin kowa har yara. Mu da ma a ƙauye mun tashi da sanin cewa ba mai cutar da kai sai wanda ya san ka, ya san lokacin fitarka da na dawowarka.

Ruwa ya sauka da wuri ya yaudare mu. Muka yi shuka, ta fito da kyau, sai sama ta ɗauke. Na riƙa zuwa ina kallon dawa tana naɗe ganye da rana, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Rabin gonar sai da na sake shukawa da ɗan irin da na ɓoye a tulu. Da ruwan ya dawo kuwa, ya dawo da fushi, ciyawa ta taso ta riga hatsi. Noman farko mun yi shi ni da Mati da babbar 'yata, da ƙyar, kafin mu kai ƙarshen gona farkonta ya sake rufewa. Harƙiya da ƙiri-ƙiri suka haɗe kunyoyi har ba a gane kwari. Wata yamma Mati ya tsaya ya yarfe gumi, ya ce in ba gayya aka kira ba maimai ba zai yiwu ba, ga marka tana tafe.

Gayya kuwa sai da abinci. Na shiga rumbu da kaina na share shi har da tsintsiya. Abin da ya fito shi ne abin da na yi niyyar mu lallaɓa da shi har sabon gero. Na zauna na daɗe ina kallonsa, sannan na raba shi biyu, na fura da na tuwo, ban bar mana komai ba sai dusa da tsaki. Na san sau ɗaya zan iya kiran gayya a shekarar, ba ta biyu. Maƙwabta suka shigo da taɓarensu, muka wuni surfe da daka. Na sayar da kazata na sayo nono wurin Fulani, na kaɗa miyar kuka da daddawar da na yi da kalwar ɗorawar gonar.

Ranar ta zo da kyau. Ƙasa ta yi laushi ba ta yi caɓi ba, gajimare ya rufe rana, irin safiyar da manomi yake roƙo. Na ɗauko ƙwaryar fura na fito, ina tsammanin kafin in kai gona an ci kunyoyi da yawa. Ina leƙowa daga zaure na gan su reras a kan dakalina, hauyoyi a tsakanin gwiwoyi, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Sanyin safiya yana tafiya a banza, matar nan tana ta dariya daga hannu zuwa hannu. Raina ya ɓaci. Na ce sannunku da aiki, ko nan zan ajiye furar.

"Ki yi haƙuri, Inna, saura kaɗan," in ji Sabi'u, bai ko ɗago ba. "Garkuwa muke tarawa, wadda za ta kai mu azahar. Sabis ɗin ne yau shike wahalar da mu."

Wai tallar tana kai tsakiya sai ta tsaya, a koma farko, kuma in ba ka kai ƙarshe ba ba a ba ka komai. Ana haka Mati ya iso daga gona, ya je ya tarar ba kowa. Tun da wayoyi suka yawaita ya kafa doka a gayyarsa, kowa ya sa tasa a ƙwarya, a rufe, ba mai taɓawa sai an tashi, ko mutuwa aka yi a aiko da mutum. Ya shiga gidana ya ɗauko babbar ƙwaryata mai ɗinki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Suka yi ta magiya. Wasu suka ce ba komai, ai an yi magana da 'yan Ƙofa a kasuwa cewa ba hari ranar gayyar marayu. Sabi'u ne ƙarshe. Ya ce garinsa babba ne, garkuwarsa tana cin talla da yawa, abin da ya tara hantsi kawai zai kai.

"Ka sa, ko ka koma gida in hwaɗa ma babanka gayyar marayu ta gagare ka," in ji Mati.

Ya sa, yana kallonta har aka rufe da faifai.

A gonar muka tarar da Haruna, mutumin Ƙofa, aminin mai gidana. Ba wanda ya aika masa, a kasuwa ya ji labari, ya taso da shanunsa biyu da garma. Ya ce samari su yi gaba da hauya, shi zai bi bayansu da huɗa. Na durƙusa na yi masa godiya, ya ce in tashi, abin da ke tsakaninsa da marigayi ya wuce haka. Shi ba ɗan unguwarmu ba ne, ba ya ƙarƙashin Mati, don haka ba wanda ya ce ya sa wayarsa a ƙwarya. Kuma shi ma yana ɗan taɓa wasan, kamar kowa a lokacin.

Ba zan manta kyan aikin safiyar nan ba. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, hauyoyi suna tashi tare suna sauka tare, ana tsokanar wanda aka bari a baya wai amarya ta hana shi ƙarfi. Ƙamshin ƙasar da aka juya ya cika wurin. Can baya Haruna yana yi wa shanunsa magana a hankali, garma tana kwantar da ƙasa a gindin dawa. Na zauna gindin ɗorawa ina dama fura, ƙwaryar wayoyi a gefena, ina kallon gonata tana fitowa daga cikin ciyawa. Na yi kuka kaɗan, na daɗi, na share da bakin mayafi kada a gani. Kafin hantsi ya ɗaga sun ci wajen kashi ɗaya cikin uku.

Sai ƙwaryar ta yi gurnani. Faifan ya kama rawa a kanta. Ta yi shiru, ta sake, sannan wata ƙara ta biyo kamar busar ƙaho. Duk sun san ƙarar, ta hari ce, kuma duk sun san wayar da garkuwarta ta ƙare. Sabi'u ya miƙe a tsakiyar kunya. Mati ya ce masa ya duƙa. Ya duƙa, ya sari ƙasa, ƙahon ya sake busawa. Ya taho da hauyarsa a hannu yana tattake dawa. Mati ya tare shi ya dafa masa ƙirji. Sabi'u ya sunkuyar da kai ya kai masa karo a baki, Mati ya zauna daɓas yana tofar da jini da haƙori. Sabi'u ya iso gindin ɗorawa ya ture ni, ya kifar da ƙwaryar, wayoyi suka watse a ƙasa, ya tsinci tasa.

Na ga fuskar wayar don a kaina yake tsaye. Wuta ce ja tana ci, da wasu 'yan mutane ƙanana suna kwarara ta inda ganuwa ta fashe. Ya yi wani irin nishi da ban taɓa jin namiji ya yi ba sai ranar mutuwa. Sauran suka zubo, kowa yana laluben tasa. Sunan maharin ba wanda ya san shi, da ma ba mai yin wasan da sunan da ubansa ya raɗa masa. Wani ya ce yaya aka yi aka san daidai lokacin da garkuwar za ta ƙare. Wani ya ce yaya aka san wayar tana ƙwarya, in ba wanda ya gani da idonsa ba. Wani ya ce ai kowa tasa tana ƙwarya. Na ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa can gefen gona, inda Haruna ya tsayar da shanu yana kallonmu, hannunsa a kan garma.

"Ni na gan shi ɗazu ya tsaya bayan shanu, ya sa hannu aljihu," in ji wani. Wani kuma ya ce infoma, a hankali, kamar yana gwada kalmar a bakinsa.

Goro Haruna ya ɗauko a aljihu, daga baya na ga jansa a bakinsa. Amma Sabi'u ya riga ya zabura, rabin gayyar ta bi shi. Haruna bai gudu ba don bai san abin da ya yi ba. Har matsowa ya yi yana tambaya ko lahiya.

"Kai ka hwaɗa masu," in ji Sabi'u, ya ɗaga hauya.

Haruna ya kare kansa da hannun dama. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an sari ɗanyen icce. Hannun ya lanƙwashe daga wuyansa, jini ya yi tsartuwa ya wanke fuskar Sabi'u. Haruna ya faɗi a kan gwiwa, sauran suka rufe shi da ƙotoci, a kai, a baya, a haƙarƙari. Mati ya taso da bakinsa jina-jina ya shiga tsakiya, ya maka wa ƙanin Sabi'u ƙota a ƙeya, yaron ya kife. Daga nan faɗan ya rabu biyu, dangin Mati da dangin Sabi'u, aka manta ma da waya. Tsohuwar rigimar iyakar gona ta tashi, ana zagin iyaye, wani ya ciji kunnen wani har ya rabu. Shanun suka ji ihu da ƙarnin jini suka firgita. Suka zabura da garma a bayansu, ba su bi kunya ba, suka ratsa gonar a gicciye, garmar tana tsalle tana tumɓuke dawar da aka gama nomewa. Suka juyo ta gindin ɗorawa suka bi ta kan ƙwaryar fura, suka sake ratsawa.

Ban san yadda aka yi na isa wurin ba. Na dai ga kaina na faɗa a kan Haruna na rufe kansa da jikina. Ƙota ta sauka a kafaɗata ta dama, na ji ƙashin ya amsa. Ban san ta wa ce ba, har yau ban tambaya ba. Na ƙwala kiran sunan mai gidana, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka kawo ni gidansa, na kira shi tsirararsa a gaban ƙannensa. Ina jin wannan ne ya tsayar da su. Suka ja baya suna haki, hauyoyi a hannu.

Mati ya durƙusa ya sa hannu aljihun Haruna ya zaro wayar. Ya ɗaga ta kowa ya gani, ya danna, ya sake dannawa, ya riƙe. Baƙa ƙirin, ba ta ko motsa ba. Haruna ya buɗe ido daga ƙarƙashina, ya ce tun shekaranjiya ba caji, injin mai cajinsu ya lalace. Ana cikin haka sai wayar Sabi'u, da ta faɗi cikin furar da ta zube, ta kama waƙa. Matar nan ta ƙyalƙyale da dariya, aka zuba tsabar kuɗi a faranti. Wani ya ɗauka ya goge da riga ya karanta, wai in ya biya yanzu za a ba shi sojan ramuwa a rabin kuɗi, ga agogo nan yana tafiya. Sabi'u ya tsaya yana kallon bakin hauyarsa.

Da mayafina aka ɗaure hannun Haruna, aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu zuwa asibitin Kankiya. Ba a yanke hannun ba, amma yatsun sun ƙage, ba su ƙara riƙe garma ba, daga baya ya sayar da shanun. Ni aka kai ni wurin maɗori, ya ja ƙashin ina ihu, ya ɗaure mini da karare. Da na dawo gida na tarar da tuwon gayya a jere cikin akusa, ba wanda ya taɓa. Muka ci har ya yi tsami, sauran muka shanya ya zama ƙanzo.

'Yan sanda sun zo, an kwashi wasu har da Mati, manya suka yi ta zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu har aka yi sulhu. Mai gari ya ce ba sauran gayya a shekarar. Ko da bai hana ba, da me zan kira. Abin da ya fi ci mini rai, kunya ta sa samarin suka daina bi ta hanyar gonata, sai su zaga ta kwari. Da ɗaya daga cikinsu ya zo da hauya ya yi mini kunya biyu da na yafe masa, amma ba wanda ya iya haɗa ido da wurin. Wanda ya kai harin kuwa ba a taɓa saninsa ba. Mai shagon caji ya ce ƙila wani ne daga wata ƙasa da bai san akwai mu a duniya ba. Wasu suka ce ba ma mutum ba ne, masu wasan ne suke turo maka mahara in sun ga ka kwana biyu ba ka saya ba. Ni ban sani ba.

Marka ta sauka. Ruwa ya wuni ya kwana, ɗakina yana yoyo ta kusurwa, itace ya jiƙe, sai hayaƙi. Kafaɗar tana yi mini zugi duk lokacin da hadari ya haɗu. Na je gonar da hannun hagu na gwada, in cire ciyawa a nan, in waiwaya ta fito a can. Babbar 'yata ta yi iya yinta har tafin hannunta ya fashe. Dawar da shanu ba su tumɓuke ba ta yi rawaya a cikin ciyawa, siririya, ba ta kai ƙuguna ba. A gida muka koma tafasa da rama, a kwaɗanta da ɗan ƙuli in an samu, in babu a sa gishiri. Kunun dusa da safe, ƙanzo a jiƙa da rana. Nonona ya ɗauke, yarinyar goye ta yi ta tsotsa tana cizo, na yaye ta ba don lokaci ya yi ba. Yunwar damina daban take, komai kore shar a idonka, ciki kuma ba komai.

Ba a kai ga kwance mini karan ɗori ba na sake jin dariyar matar nan ta bango. Sun dawo dakalin, da kaɗan-kaɗan, an rage ƙara. Aka ce garin Sabi'u ya farfaɗo, har ya fi da. Na ɗauki taɓarya da hannun hagu na fita, na ce kowa ya tashi. Ni da 'yata muka rushe dakalin, ruwa da ma ya jiƙa shi. Suka koma tsayuwa a jikin bangon.

Da kaka, abin da gonar ta ba ni tafiya ɗaya muka yi ni da 'yata muka kwaso shi a ka. Yaya Malam ya je ya zaga ta shi kaɗai, ya dawo ya tsaya daga zaure kamar wancan karon. Ya ce ya san ba laifina ba ne, kowa ya sani. Ban bari ya wahalar da kansa ba, na ce Yaya, a haɗe ta. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da ƙashina ya karye.

Yanzu ba a kiran gayya a unguwarmu. Mai hali ya sayi maganin feshi, mutum ɗaya da tanki a baya ya gama gona kafin azahar. Haruna ina ganinsa ran kasuwa yana sayar da goro, da hagu yake miƙa canji, mukan gaisa mu tambayi iyali. Gonar da na ce muna roron wake a ciki shekaranjiya ita ce mai ɗorawar. Ɗan Yaya Malam ne yake nomanta yanzu, yana kirana duk kaka.

Da la'asar Sabi'u ya zo da babur kwasar buhuna, shi ne aikinsa yanzu. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Duk shekarun nan ban taɓa tayar masa da maganar ba, amma a ranar nan, gurnanin ƙwaryar bai bar kunnena ba.

"Sabi'u, ina garin naka? Yana nan?"

Ya ɗago yana tunani, kuma da gaske yake tunanin. "Wane gari, Inna?"

"Wanda aka ƙone."

"Au, wancan. Ai ya daɗe da mutuwa. Masu shi sun ruhe shi, wata rana muka buɗe bai buɗu ba." Ya fara murmushi, sai ya ga hannuna dafe da kafaɗar, ya sunkuyar da kai. Ya tambayi buhunan da zai fara ɗauka, na nuna masa da hagu.

Da rana ta yi ja ɗan Yaya Malam ya zo da mudu, ya zauna gindin ɗorawar yana auna wa kowace mace ladanta. Da aka zo kaina na shimfiɗa mayafina a ƙasa, aka zuba mini abin da ya sawwaƙa.